Mai Kashe Fitilu

Shekara sha tara ina riƙe da makullin ɗakin motsa jiki
a garin da gonakin masara suka yi wa ƙawanya,
can tsakiyar Nebraska,
inda jiniyar mahauta ke riga zakara tashi.
Sunana Wendell. Ni da tsintsiya muke hira.

Ɗaga kai ka dubi silin.
Tabo arba'in da ɗaya na ƙirga,
kowanne bakin sandar tuta ne ya bar shi.
Da fari ƙara na kai ofis.
Yau in ka zo da fenti, sai mun ɓata.

Na kusa da agogon can, na Yesenia ne.
Ta zo mana tana raɓe da bango
kamar wadda ake bi bashi,
muryarta ba ta wuce haɓarta.
Malama Brandvold ta miƙa mata sanda mai ƙafa shida
da ƙyallen siliki ruwan goro,
ta ce, "Jefa."
Ta jefa. Sanda ta sauka a goshi.
"To, kin san nauyinta. Sake."

Biyar, shida, bakwai, takwas.
Har a mafarki ina jin ƙidayar nan.

Paw Say ba ta da Turancin sayen burodi
ranar da ta shigo,
amma ƙidaya ba ta neman tafinta.
Kafin dusar ƙanƙara ta sauka
ta iya faɗa, ta iya tsokana,
ta sa wa kowa suna, har ni.

Shi kuwa Thaddeus, 'yan ƙwallo suka sallama,
wai ba shi da faɗin kafaɗa.
Ya ɗauki bindigar katako fara,
wadda ba ta san harsashi ba,
ya wulla ta sama ta juya sau biyar,
ta dawo tafinsa, tas!
Masu yi masa dariya a layin abinci
sun gwada sau ɗaya, sun tafi suna busa yatsa.

Doka ɗaya ce: ka faɗi jarrabawa, ka ajiye tuta.
Shi ya sa nake zagaye su da tsintsiya,
sun baje a ƙasa da littafin lissafi,
mai ganewa na jan mai barci.
Kujerun da a da suke kwana su wuni babu kowa
sun koma ɗumi tun ƙarfe takwas.

Daren Juma'a, fili ya cika.
Badujala na tafe, su suna gaba.
Iyayen da ba su taɓa taka ƙofar makarantar nan ba
sun zo da takalman roba na aiki,
kakanni na nuna ɗinkin da suka kwana a kai:
"Waccan shuɗiyar, hannuna ne."

Sai iska ta taso daga yamma, ba sallama.
Tutar Yesenia ta kuɓuce,
ta faɗi a ciyawa gaban mutum dubu.
Na riƙe numfashi a bakin shinge.
Ba ta dubi kowa ba.
Ta sunkuya, ta ɗauka,
a kan takwas ta cim ma 'yan'uwanta.
Tafin da aka yi wa faɗuwar nan
ya fi na duk abin da bai faɗi ba.

Ba mu ci kofi ba a bara. Na huɗu muka zo.
Yesenia na koyon aikin jinya a Omaha yanzu,
ta ce hannunta ba ya rawa da allura.

Ƙarfe tara ya kamata in kashe fitilu.
Ga wata sabuwa can, ƙarama, mai tabarau,
ita kaɗai, tana jefawa tana yarwa.
Bari in sake share lungun da na share.
Silin yana da sauran wuri.